Ƙungiyar Addini, ta Jiha, ta Sashe ko ta Koyon Sana'a: Wacce Sabon Ɗalibin Jami'a Ya Kamata Ya Shiga?

Duk wanda ya taɓa yin rajista a ɗaya daga cikin manyan jami'o'inmu, ko harabar Samaru da ta Kongo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko tsohuwa da sabuwar harabar Jami'ar Bayero a Kano, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya san yadda makonnin farko suke. Kana tafe da fayil a hammata, cike da kwafin takardar JAMB da sakamakon WAEC ko NECO da shaidar ƙaramar hukuma, rana tana dukanka, ba ka ma gane ofishin da aka tura ka ba, sai ka iske tebura a jere a inuwar bishiyoyi, kowane tebur da kyallensa da littafin rasit ɗinsa. Wannan, ɗan ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ya tare ka da “Ɗan'uwa, ka yi rajistar MSSN?”, wancan ya ce “Malam, daga wace jiha?”, na gaba kuma ya shaida maka cewa ba za a sa maka hannu a sashenku ba sai da rasit ɗin ƙungiyar sashe. Kafin la'asar an saka lambarka a zaurukan WhatsApp huɗu ko biyar, kowanne yana kiran taro a ranar Asabar ɗin da ke tafe.

Wanda ya tsaya a tsakiyar teburan nan yana waswasi, shi nake yi wa wannan bayani. Ba zai yiwu ɗalibi ya rungumi ƙungiyoyin duka ba kuma ya riƙe karatunsa, haka nan wanda ya ƙaurace musu gaba ɗaya yakan gane asarar da ya yi ne ranar da ya kwanta ciwo a ɗakin kwanan ɗalibai babu mai leƙo shi, ko ranar da ya fita neman aiki ba shi da wanda zai kira. Ra'ayina, wanda zan kare har ƙarshe, shi ne kuɗin fom ƙaramin abu ne a cikin tsadar ƙungiya, domin abin da take ci da gaske lokaci ne, kuma da shi ya kamata a fara lissafi.

Ma'aunan da za a yi awo da su

Akwai sharaɗi guda da ke gaban duk wani awo. Kowace jami'a tana da Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai, kuma a nan ne ake yi wa ƙungiyoyi rajista, a duba kundin tsarin mulkinsu, a tabbatar suna da malami mai ba su shawara daga cikin ma'aikatan jami'ar. Ƙungiyar da sunanta ba ya cikin jerin da ke wannan ofishi ba a ma ɗora ta a kan sikeli, komai daɗin bakin wanda ya kawo maka tallarta. Tambaya a ofishin ba ta ɗaukar minti goma.

Ma'auni na farko shi ne kuɗi, kuma iri biyu ne: akwai na fili da ake rubutawa a rasit, akwai na ɓoye da ke biyo baya, wato kuɗin riga, da karo-karon makon ƙungiya, da liyafar bankwana da masu kammala karatu, da kuɗin mota idan za a yi tafiya. Ɗalibin da ke rayuwa da naira 20,000 da asusun bashin karatu na NELFUND ke bayarwa a wata, ko da ɗan abin da ake turo masa daga gida, shi ya fi kowa sanin cewa na ɓoyen ne ke huda aljihu.

Na biyu lokaci. A ƙa'idar da akasarin jami'o'in Najeriya ke bi, ɗalibi yana ɗaukar darussan da nauyinsu, wato “credit units”, yake tsakanin 15 zuwa 24 a zango, kuma jami'o'i da yawa suna shardanta halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Sannan makin CGPA, wato matsakaicin makin da ake auna darajar digiri da shi, tarawa ake yi tun daga zangon farko har zuwa na ƙarshe: daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Saboda tarawar nan, ramin da aka haƙa a aji ɗaya yakan ɗauki shekara biyu ko uku ana cike shi, wani lokacin ma har a gama bai ciku ba.

Na uku sauƙin shiga da sauƙin fita, kuma fitar ta fi muhimmanci, domin ƙungiyar kirki ba ta bin wanda ya daina zuwa da barazana. Na huɗu ɗorewa: me zai rage a hannunka idan an rufe makaranta, kamar yadda aka yi wata takwas a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022, kuma me zai rage bayan ka karɓi takardar kammalawa? Na biyar haɗari, ga karatunka, da mutuncinka, da lafiyar jikinka.

Ƙungiyoyin addini

Ga ɗalibi Musulmi, ƙofa mafi faɗi ita ce MSSN, Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas ranar 18 ga Afrilu 1954, marigayi Lateef Adegbite kuma shi ne shugabanta na farko. An raba ta shiyya biyu, shiyyar A a Arewa da shiyyar B a Kudu, kowane reshe kuma yana da Amir, ɓangaren mata yana da Amira. Akwai wasu ƙungiyoyin da suka fi karkata ga fahimta guda, irin su TIMSAN ta ɗalibai 'yan Tijjaniyya. Ga ɗalibi Kirista a Arewa, wadda aka fi sani ita ce FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, wadda ta samo asali a Gindiri ta Jihar Filato a 1957, sai NFCS ta 'yan Katolika, sai zumuntar ɗalibai na majami'u daban-daban.

Ta fuskar kuɗi, waɗannan su ne mafi sauƙi. Ba a hana kowa sahun salla ko zaman sujada don bai biya kuɗin shekara ba, yawancin ayyuka kuma da sadaka da baiko da gudummawar tsofaffin ɗalibai ake gudanar da su. Abin da ake samu a madadin wannan ɗan kuɗi kuwa yana da yawa ƙwarai, kuma wani ɓangarensa bai ma shafi wa'azi ba. Na ga sabon ɗalibi ya sauka daga mota da magariba, bai sami gado ba, bai san kowa ba, 'yan kwamitin tarbar baƙi suka ɗauki jakarsa suka kai shi ɗakin wani ɗan aji uku ya kwana mako guda. Na kuma zauna a darasin bita da suke shiryawa daren Juma'a, wani ɗan aji huɗu tsaye a gaban allo da guntun alli, yana warware tambayoyin lissafi na shekarun baya ga ɗalibai fiye da yadda ɗakin zai ɗauka, wasu a kan taga, babu wanda aka karɓi sisinsa. Ƙara da karatun Alƙur'ani da tajwidi, da ta'alim bayan magariba, da buɗa-baki a watan azumi, da IVC, taron karatun addini da ake yi lokacin hutun Disamba. A ɓangaren Kirista kuma akwai nazarin Littafi Mai Tsarki, da ƙungiyar mawaƙa, da ziyarar marasa lafiya, da irin wannan darasin bita.

Lokacin da za su ci ya danganta ne da matsayin da ka zaɓa wa kanka, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Mai halarta kawai ba ya rasa komai, domin salla dama wajibi ce a kansa ko da ƙungiya ko babu. Mai riƙe da muƙami kuwa, musamman sakatare ko shugaban kwamitin shirye-shirye, yana iya wayar gari ya ga taruka sun cinye masa dare uku a mako, kuma da yake aikin lada ne, kunya takan hana shi cewa ya gaji. Yaron da aka lura yana da ƙwazo da kyakkyawar ƙira'a, tun a zangon farko za a fara ɗora masa kaya. Ya dace ya iya cewa “Ku yi mini uzuri sai na ga sakamakona na farko,” kuma duk Amir mai hankali zai karɓi wannan uzuri hannu biyu.

A ɗorewa babu wadda ta kamo su. Idan aka tura ka bautar ƙasa Ebonyi ko Bayelsa, inda ba ka da dangin iya balle na baba, masaukin MCAN na Musulmi masu yi wa ƙasa hidima, ko na NCCF ga Kirista, shi ne rufin farko da za ka samu a kanka, kuma mutanen da ke gudanar da su galibi waɗanda suka taso ne a MSSN da FCS. Zumuncin yakan kai har ga aure da kasuwanci.

Haɗarinsu ma ya cancanci a faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Na farko saɓanin fahimta. Ɗalibi ya baro gida da abin da ya tashi a kai, ya zo ya haɗu da 'yan Izala da 'yan ɗariƙa da 'yan Shi'a a ɗaki guda, idan bai yi dace da malami mai zurfin karatu da natsuwa ba, sai ya faɗa hannun ɗan'uwansa ɗalibi da ya karanta 'yan littattafai kaɗan yana raba wa mutane Aljanna da wuta. Wasu sun koma gida hutu suna ƙin bin mahaifansu salla. Na biyu gaba tsakanin addinai. Rikicin Maris 1987 ya faro ne daga saɓani tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a wajen wani taron wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin kwanaki kaɗan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada. Wannan ba dalili ba ne na guje wa ƙungiyar addini, dalili ne na lura da irin harshen da ake magana da shi a cikinta. Inda ake koya maka gyaran sallarka da halinka, zauna. Inda rabin zaman ya ƙare a kan zagin waɗanda ba sa wurin, ɗauki takalminka.

Ƙungiyoyin jiha, ƙaramar hukuma da ƙabila

Waɗannan hawa-hawa ne. Akwai ta jiha, kamar NAKSS ta ɗaliban Kano da NAKATSS ta ɗaliban Katsina, a ƙarƙashinta akwai ta ƙaramar hukuma ko masarauta, a gefe kuma akwai na ƙabila, irin na ɗaliban Tibi da Idoma da Nufawa da Barebari da Yarabawa da Ibo. Shiga ba ta buƙatar komai illa ka faɗi garinku, kuɗin shekara kaɗan ne, kuma ba kasafai ake matsa wa wanda bai biya ba sai lokacin zaɓe ya ƙarato.

Amfaninsu da nisa ake auna shi. Bakano da ke karatu a Jami'ar Bayero, wanda ke kwana a gidansu a Gwale ko Ɗorayi, ba shi da wata buƙata ta gaggawa ga ƙungiyar jiha. Amma wannan Bakanon idan Ilori ko Nsukka ko Fatakwal ya sami gurbi, ƙungiyar ita ce gidansu: su za su nuna masa inda ake sayar da tuwo da inda mahauta Hausawa suke, su haɗa shi da Sarkin Hausawan garin, su haɗa mota guda idan an yi hutu don kada kowa ya bi doguwar hanya shi kaɗai, idan kuma ta Allah ta kasance ga wani, su za su tsaya har a kai shi gida. Abin da ɗalibi ɗan Binuwai ko Anambara yake samu ke nan a Zariya, shi ya sa za ka ga ƙungiyoyinsu a can sun fi na 'yan gida tsari da haɗin kai.

Amfani na biyu shi ne tallafin karatu. Hukumomin bayar da tallafi na jihohi sukan bi ta hannun shugabannin ɗalibai wajen sanar da buɗe shafin neman tallafi da ranar tantancewa, wanda ba ya cikin zauren ƙungiyar kuma sau da yawa sai bayan an rufe yake jin labari. Ko don wannan kaɗai ya isa mutum ya biya kuɗin shekara ya bar lambarsa a wurinsu. Ta fuskar ɗorewa ma suna da wata fa'ida da sauran ba su da ita, domin idan yajin aiki ya watsa makaranta, 'yan ƙungiyar ƙaramar hukuma gari guda suke komawa, wasu har sukan shirya wa 'yan sakandaren garinsu darasin share fagen JAMB kyauta.

Sai dai a nan ne na fi jin tsoro wa ɗalibi mai son a san shi. Ƙungiyar jiha ita ce ta fi kusa da 'yan siyasa, kuma kusancin nan yana da farashi. Shugabancinta tsani ne zuwa ofishin kwamishina da ɗan majalisa, saboda haka zaɓenta yakan yi zafi fiye da kima, har ƙungiya ta dare gida biyu, kowane ɓangare da ubangidansa. A shekarata ta biyu mun yi karo-karo don buga riguna da shirya ranar al'adu, aka ɗage ranar sau biyu, daga ƙarshe abin da aka yi shi ne daren karrama wasu masu muƙami da lambar yabo, riguna ba su fito ba, da muka nemi ma'aji ya karanto lissafi sai aka ce muna yi wa ƙungiya zagon ƙasa. Tun daga ranar na koyi tambaya guda kafin in ba da kuɗina: a asusun banki mai sunan ƙungiya ake zubawa, ko a na wani mutum? Akwai kuma wata asara da ba a jin zafinta nan take. Ɗalibin da ya kwana da 'yan garinsu, ya ci da su, ya yi karatu da su, ya yi hira da su kaɗai shekara huɗu, zai fita da digiri amma Turancinsa na magana bai motsa ba, kuma bai san yadda ake zama da wanda ba yarensa ba, alhali wannan yana cikin manyan abubuwan da ake zuwa jami'a a koya.

A bambanta waɗannan da ƙungiyoyin raya harshe da al'ada, irin Ƙungiyar Hausa da ake samu a jami'o'in da ke koyar da harshen. Su ƙofarsu a buɗe take ga kowa, aikinsu waƙa da wasan kwaikwayo da muhawara da Makon Hausa, siyasar jiha kuma ba ta cika shiga cikinsu ba.

Ƙungiyar sashe ko tsangaya

Wannan kusan ba zaɓi ba ce, domin a sassa da yawa ana neman rasit ɗinta lokacin rajista ko lokacin tantancewar ƙarshe. Ɗaliban lauya suna da LAWSAN, na likitanci NiMSA, na injiniya NUESA, na haɗa magunguna PANS. Tunda dole ka biya, abin tambaya shi ne ko za ka ci moriyar kuɗinka. A nan ake samun tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da bayanin halin kowane malami, da labarin kamfanonin da ke karɓar ɗalibai aikin sanin makama na SIWES, kuma 'yan ajin da ke gabanka su ne za ka tarar gobe a kotu ko asibiti ko ma'aikata. Lokacin da take ci kaɗan ne in ban da makon sashe, haɗarinta bai wuce rigimar zaɓe da tsadar liyafar ƙarshen shekara ba, liyafar kuma ba farilla ba ce. Rauninta guda shi ne tana barci da zarar an rufe makaranta.

Ƙungiyoyin koyon sana'a da hidima

Nan ne ake samun Enactus, wadda a da ake kira SIFE kafin a sauya mata suna a 2012, inda ɗalibai ke tsara ƙananan ayyukan kasuwanci masu amfanar al'umma su yi gasa da su, da Rotaract, da Red Cross mai koyar da taimakon gaggawa, da Man O' War mai fareti da horon jiki, da ƙungiyoyin 'yan jarida na harabar jami'a, da na muhawara, da na masu koyon rubuta manhajar kwamfuta. Su ne mafi tsada a aljihu, domin wata tana buƙatar kaki da takalmi, wata kwamfuta da data, wata kuɗin tafiya gasa, kuma su ne mafi cin lokaci ga ɗan ƙungiya na gama-gari, tunda ba a koyon sana'a da leƙe. Wasunsu ma sai an yi maka tambayoyi kafin a ɗauke ka.

Duk da haka, idan ana maganar abin da mutum zai nuna ranar ganawar neman aiki, su ne kan gaba. Mai ɗaukar aiki ba zai tambaye ka taro nawa ka halarta ba, zai so ya ga rahoton da ka rubuta, ko manhajar da ka gina, ko yadda kake tsayawa gaban mutane ka yi bayani ba tare da muryarka ta yi rawa ba. Abin lura shi ne da yawansu suna ne kawai. Kafin ka biya, ka ce a nuna maka aikin da suka yi a zangon da ya wuce, ka kuma yi nesa da duk wadda taronta na farko ya ƙare da cewa ka kawo mutum biyu su ma su kawo bibbiyu, domin wannan damfara ce aka sa mata rigar ƙungiya. Ga 'yan mata kuma, yana da kyau a tambayi lokacin taro da wurinsa tun farko, saboda wasu sukan kai dare, ƙofar ɗakin kwanan mata kuma tana da lokacin rufewa.

Ƙungiyar ɗalibai ta jami'a baki ɗaya

Kowane ɗalibi ɗanta ne ko ya so ko bai so ba, ana kiranta SUG a wurare da yawa, a Jami'ar Ahmadu Bello kuma majalisar wakilai ce ta SRC. Zaɓin da ke gabanka shi ne ko za ka tsaya takara ka zama kwamared. Tarihinta yana da nauyi: zanga-zangar “Ali Must Go” ta Afrilu 1978 kan ƙarin kuɗin abinci da masauki ta jawo asarar rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, aka kafa NANS a madadinta a 1980, sannan a Mayu 1986 aka sake harbe ɗalibai a Samaru. Takara tana cin kuɗin fosta da na zirga-zirga, ana shardanta makin CGPA, kuma idan rikici ya tashi tsakanin ɗalibai da hukumar makaranta, sunan shugabanni ake fara rubutawa a takardar dakatarwa. Makarantar koyon shugabanci ce ta gaske, amma ba ta ɗan aji ɗaya ba ce.

Wadda ba ta cikin lissafi

Ƙungiyoyin asiri ba su da tebur a inuwar bishiya, ba su da rasit. Tushensu wata ƙungiya ce da ɗalibai bakwai suka kafa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952, daga baya wasu suka ɓalle suka rikiɗe zuwa gungun masu makami. Ranar 10 ga Yuli 1999 'yan irin wannan ƙungiya suka kashe ɗalibai biyar a ɗakin kwanansu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Labarinsu ya fi ƙarfi a Kudu, amma ɗan Arewa da ya tafi karatu can, ko wanda ke zaune a unguwannin haya na bayan makaranta, yana iya haɗuwa da su. Alamarsu ba ta ɓuya: abota mai zafi daga wanda ba ka sani ba, da alkawarin “kariya”, da gayyata zuwa liyafa a wurin da ba a faɗa maka ba sai dare ya yi, da sharaɗin kada ka gaya wa kowa. A rantsuwar kama karatu kowane ɗalibi yana yin alkawarin nisantar su, hukuncin wanda aka kama kora ce, fita daga cikinsu kuma ta fi shiga wuya nesa ba kusa ba. Wanda aka fara yi wa irin wannan zawarci ya sanar da ofishin tsaro na jami'a da iyayensa a ranar.

| Ƙungiya | Kuɗi | Lokaci | Shiga da fita | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ta addini | Kaɗan ƙwarai | Kaɗan ga mai halarta, mai yawa ga mai muƙami | Da sauƙi | Har bayan bautar ƙasa | Tsattsauran ra'ayi da jayayya |
| Ta jiha ko ƙabila | Kaɗan, sai karo-karo | Matsakaici | Da sauƙi | Mai ƙarfi a gida | 'Yan siyasa, rashin lissafin kuɗi, killace kai |
| Ta sashe | Kusan dole | Kaɗan | Kai tsaye | Mai ƙarfi a fagen aiki | Rigimar zaɓe, tsadar liyafa |
| Ta sana'a da hidima | Mafi yawa | Mai yawa | Wasu sai da tantancewa | Ƙwarewar tana zama | Ƙungiyar suna kawai, 'yan damfara |
| Takarar SUG ko SRC | Mai yawa | Mafi yawa | Sai da maki da ƙuri'a | Mai ƙarfi ga ɗan siyasa | Dakatarwa, faɗuwar maki |

Wa ya dace da wacce

Ɗan aji ɗaya a zangon farko, ko wane ne shi, ya biya ta sashe tunda ba makawa, ya riƙa halartar masallaci ko majami'a da darussan bitarsu, ya bar lambarsa a zauren 'yan jiharsu saboda labarin tallafi, kada kuma ya karɓi muƙami ko da na mataimakin mai tsawatarwa ne har sai an manna sakamakon farko ya ga inda ya tsaya.

Wanda ya yi nisa da gida, musamman ɗan Arewa a jami'ar Kudu, ya riƙe ƙungiyar jiha ko ta ɗaliban Arewa da ta addini hannu biyu, domin su ne danginsa a can, amma ya nemi abokin karatu ko guda ɗaya wanda ba yarensu ɗaya ba. Wanda ke karatu a garinsu yana kwana a gida, dangi ba su ne matsalarsa ba, abin da ya rasa shi ne cuɗanya da baƙi, don haka ƙungiyar muhawara ko Enactus ko Red Cross ta fi masa amfani nesa da ta jiha.

Ɗalibin likitanci ko injiniya ko haɗa magunguna, wanda ɗakin gwaji da asibiti suka riga suka cinye masa yini, ƙungiyar tsangayarsa da halartar ta addini sun ishe shi. Wanda kwas ɗinsa ba ya kai mutum ga aiki kai tsaye, kuma yana da sarari da rana, shi ya fi kowa buƙatar ƙungiyar sana'a, kuma ya fara tun aji biyu don ya fita da shekara uku na aikin da za a iya gani. Mai ƙaramin ƙarfi da ke lissafin kuɗin abinci kullum ya zaɓi wadda ba ta buƙatar kaki ko tafiya, kamar ta 'yan jarida ko ta muhawara.

Ɗaliba mai aure ko mai goyo, wadda ke fita daga lakca ta wuce gida, ɓangaren mata na ƙungiyar addini da zauren ajinsu za su wadatar da ita da labarin jarrabawa da taimakon gaggawa ba tare da sun nemi darenta ba. Mai sha'awar siyasa kuwa ya fara da wakilcin aji ko ƙaramin muƙami a ƙungiyar ƙaramar hukuma a aji biyu, ya koyi rubuta bayanin taro da karanto lissafin kuɗi a gaban jama'a, ya jinkirta takarar SUG zuwa aji uku, bayan ya tabbatar makinsa ya haura 3.50 da tazarar da za ta iya jure zango guda na yawon neman ƙuri'a.